Mutumin da Ke Dawowa Gyara Amsa

Ofishin Malama yana can ƙarshen baranda a bene na biyu na asibitin, sai ka wuce ɗakin da ake tara gadaje da kujerun da suka karye kafin ka kai. Ba wulaƙanta ta aka yi ba, ita ta roƙa a kai ta can. Mutanen da take aiki da su irin mutanen nan ne da in suka hango layi a bakin ƙofa sai su wuce kamar ba nan suka nufa ba, su zagaya asibitin, su koma gida su ce ba su same ta ba.

Ita ba magani take bayarwa ba, wannan aikin likitocin da ke benen ƙasa ne. Bincike take yi a kan masu tsoron shiga jama'a. Halinsu ba ɓoyayye ba ne: idan an tashi daga taro kowa ya kama gabansa, su a lokacin nasu taron yake farawa. Me na ce? Yaya na faɗe shi? Me ya sa wance ta kalli agogo ina cikin magana? Haka za su yi ta tuƙa da warwara kwana da kwanaki. Abin da ya hana Malama sakat shi ne, me ya sa ba sa bari? Ta daɗe da zargin cewa a can ƙasan zuciyarsu sun yarda wannan bitar tana yi musu wani amfani. Wannan yardar take son ta auna, ta san ƙarfinta a wurin kowane mutum, don likita ya san ta inda zai fara.

Da farko takarda da biro take miƙa musu. Ba a je ko'ina ba ta gane ta tafka kuskure. Gumi na ɗiga a kan tambayoyi, wata baiwar Allah ma ta yi ta goge amsarta har takardar ta huje. Sai Malama ta samo ɗan katako mai tsawon kamu guda, ta kafa ƙusa a kowane gefe, ta ɗaura zare, ta zura wani ƙaton maɓalli da ta cire daga tsohuwar kwat ɗin mijinta ba da saninsa ba. Gefen hagu yana nufin ban yarda ba ko kaɗan, gefen dama kuma na yarda ɗari bisa ɗari. A bayan katakon ta manna tef ɗin tela, daga sifili zuwa goma, ita kaɗai take ganinsa. Tana karanta jimla, mutum ya tura maɓalli inda ransa ya kwanta, ita ta rubuta lamba. Babu kallon ido, babu biro.

Dokokin aikin biyu ne, kuma ba ta wasa da su. Ba a rubuta sunan kowa, sannan ba a barin mutum biyu su haɗu. Shi ya sa kujera ɗaya tak ta ajiye a baranda, kuma takan bar tazara mai yawa tsakanin mai fita da mai shiga. Tun da ba suna, sai ta riƙa laƙaba musu nata a zuci.

Wanda ya fi ba ta aiki shi ne Mai Tabarau. Siririn mutum ne mai tsabta, yana yanka gilashin tabarau a wani shago da ke bayan asibitin. Ranar da ya fara zuwa ta tambaye shi yadda yake iya kallon idon mutane duk yini alhali yana tsoronsu.

“Ai ba idon nake kallo ba, Malama,” ya ce. “Tazarar da ke tsakanin idon nake aunawa. Da zarar mutum ya cire tabarau ya ce mini yaya gida, shi ke nan na rikice.”

Ta karanta masa jimla ta farko: “Idan na sake bitar abin da na faɗa a cikin mutane, zan kauce wa maimaita kuskure.” Ya tura maɓalli dama, ya dawo da shi kaɗan, ya karkata kai ya dube shi kamar gilashin da bai zauna daidai ba, ya sake taɓa shi da farce. Tara da rabi. Ta karanta ta biyu: “Da zarar tunanin ya fara, ba na iya tsayar da shi.” Nan ma sai da aka yi ciniki da maɓallin.

Bayan ya tafi, ko shayinta bai huce ba saƙo ya shigo wayarta. “Malama, a yi haƙuri da damu. Ina ganin na zarce a jimla ta biyu. Zan iya dawowa in gyara?” Ta rubuta masa: “Ba sai ka zo ba, Malam, amsarka ta farko ta isa.” Ba a jima ba ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Ga shi tsaye yana haki, wai ya ga kamar amsar tata tana nufin ransa ne zai ɓaci in ya zo, shi kuma yana son ta san ba zai ɓaci ba. Ya matsar da maɓallin da abin da bai kai faɗin farce ba, ya yi godiya, ya tafi.

Tun daga ranar abin ya zama jiki. Ya zo, ya tafi, ya turo saƙo, ta ce ba sai ya zo ba, ya zo. Da farko abin yana ba ta haushi, daga baya ya koma ba ta mamaki, don ga cutar da take son aunawa tana hawo mata bene da ƙafarta. Ta kuma lura da wani abu: idan ta rubuta masa “Ka zo gobe da safe,” yakan haƙura har goben. Cewa kada ya zo ne kawai ba ya iya ɗauka.

Bayan maɓalli akwai hira, inda take tambayar kowa abin da ya fi yawan bita. Mai Tabarau ya cire nasa tabarau ya yi ta gogewa kafin ya buɗe baki.

“Ranar da na tare a sabon gida ne. Matata ta matsa sai an kira mutane cin abinci. Maigidana na shago ya zo, hannunsa a ɗaure a wuya, ya faɗi a banɗaki ne a lokacin. Yayana ma ya zo. Malama, shi ya riƙe ni tun mahaifinmu ya rasu, shi ya kai ni makaranta. Na kama hannunsa na kai shi gaban maigidana, sai kawai na ji na ce, wannan direba ne.”

“Direba ne shi?”

“Mota yake koyarwa. Amma ban ce yayana ba ne, Malama. Ban ce komai ba sai direba, kamar wanda ya kawo mana lemo. Bai ce uffan ba. Ko kallona bai yi ba.”

Tun daga ranar yayan bai sake taka gidansa ba, kuma watanni sun shuɗe. Shi ma bai je ba, don yana shirya ban haƙuri, kuma har yanzu bai samu wanda ya zauna daidai ba. Yayarsa mace, wadda ke aiki a ɗakin magani na asibitin, ita ta ba shi takardar sanarwar binciken, ta ce wannan ciwonka ne sak. Ita ma ba ta san abin da ya raba su ba, duk wanda ta tambaya sai ya ce aiki ne ya yi yawa.

Bayan wasu makonni wani sabon mutum ya zo. Ƙato ne mai furfura a gemu, ya zauna a bakin kujera kamar mai tsoron ya ƙarar da ita. Da ta tambayi sana'arsa ya ce mota yake koyarwa. Malama ba ta kawo komai a ranta ba, masu koyar da mota ai ba sa ƙirguwa. Ta laƙaba masa Malamin Tuƙi.

“Sana'ar ta yi mini daidai,” ya ce yana kallon bango. “Ni ina kallon gaba, ɗalibi yana kallon gaba. Sai mu yi wata guda ban san kamannin fuskarsa ba.”

Shi ba ya ciniki da maɓalli. Da babban yatsa yake tura shi gaba ɗaya kamar mai canza giya, ya janye hannu. Sai aka zo hira.

“Ƙanena ne ya yi sabon gida,” ya ce. “Yaro mai hankali, ya fi ni komai. Matarsa ta ce tun da ni ne babba, in ce wani abu bayan an ci abinci. Mako guda ina haddacewa. Da na miƙe, komai ya gudu. Ga manyan mutane, ga maigidansa da hannu a ɗaure yana kallona.”

Biron Malama ya tsaya.

“Sai na ji bakina yana ba da labarin kaza. Yana yaro tsoron kaza yake yi, har ya girma, in ya ga kaza a ƙofa sai na goya shi na wuce da shi. Na ɗauka za a yi dariya. Ba wanda ya yi, sai wata mata da ta yi tari. Ina cikin magana ya tashi ya fita daga falon. Na tozarta shi a gaban maigidansa, Malama, a gidansa, ranar farin cikinsa.”

“Wa ya ba ka labarin wannan binciken?” ta tambaya, duk da ta riga ta san amsa.

“Ƙanwata. Tana ɗakin magani a ƙasa.”

Dariya da tausayi suka kama Malama lokaci guda. Falo ɗaya, rana ɗaya, mutum biyu, kowa ya fito da nasa laifin a kai, kuma ba ɗaya da ya ambaci laifin ɗan'uwansa. Ta daure ta gyara fuska ta ci gaba da rubutu.

Da ya tashi tafiya ya tsaya a bakin ƙofa.

“Akwai jimlar da ba ki karanta ba, Malama.”

“Wacce?”

“In na daina tunanin, ai kamar na yafe wa kaina ne, alhali shi bai yafe mini ba.”

Ta rubuta ta a bayan hannunta don kada ta ɓace. Sannan ya ƙara da abin da ya tsinka mata zuciya. Makarantar tuƙin da yake aiki za ta buɗe reshe a wani gari mai nisa, an ce ya je ya riƙe, kuma ana jiran amsarsa kafin wata ya ƙare. Yana ganin zai karɓa. In ya yi nisa, ƙanen zai huta da haɗuwa da shi a gidan 'yan'uwa yana sunkuyar da kai.

Washegari ta sauka wurin Farfesa, tsohuwar da ke kula da binciken, wadda ba a taɓa ganin ta ba tare da ƙoƙon gyaɗa a tebur ba. Ta ba ta labari ba tare da ta faɗi sana'ar kowa ba. Farfesa ta yi dariya har da share hawaye, sannan ta daina kamar an kashe rediyo.

“Ba za ki faɗa ba.”

“Farfesa, jimla ɗaya ce fa. In ce masa, je ka tambayi ƙanenka.”

“Daga nan ya san ƙanensa yana zuwa, ya san kin kwashe sirrin wani kin ba shi. Gobe wa zai hau benen nan ya buɗe miki cikinsa? 'Yar nan, sun ba ki amana ne don kin ce ba za ta fita ba. Ba ki ce sai in kin ga fitar za ta yi amfani ba.”

“Mutumin zai bar gari a kan abin da bai faru ba.”

“Ya faru mana, ai ya ba da labarin kazar. Ɗauki gyaɗa.”

Malama ba ta ɗauka ba. Ta san gaskiya Farfesa ta faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. Tana hawa bene tana bitar yadda ya kamata ta tsara maganar, sai da ta kai ƙofa ta gane abin da take yi, ta ja tsaki.

Abin da doka ta bar mata shi ne tambaya, muddin kowa za ta yi wa. Sai ta ƙara abu biyu a aikin. Na farko jimlar Malamin Tuƙi. Mutane da dama sun tura mata maɓalli dama fiye da yadda ta zata, har wata mai sayar da takalma ta fashe da kuka. Da ta karanta wa Mai Tabarau, bai karkata kai ba, bai taɓa da farce ba, ya tura maɓallin har ya bugi ƙusa. Ranar ko saƙon gyara bai turo ba.

Na biyu tambaya ce a cikin hira: idan kana bitar, muryar wa kake ji?

“Tawa,” in ji Mai Tabarau, da mamakin a ce ma an tambaya.

“Bayan ka ce direba, me ya faru a falon?”

Ya yi tunani sosai, don shi ba ya son ba da amsar da ba daidai ba. “An ci abinci. Ina jin an yi ta surutu. Ni dai kalmar ce take ta bugawa a kaina, har na ji numfashina yana sama, na tashi na shiga kicin na tsaya a bayan firji.”

“Ba ka tuna abin da kowa ya ce ba?”

“Wa zai ce wani abu bayan wannan, Malama?”

Ta ciji leɓe har ta ji zafi. Da Malamin Tuƙi ya zo nasa zaman na biyu, ta yi masa irin tambayar. Shi ma muryarsa yake ji. Ta ce to da ya shiga gidan, wa ya tarbe shi, me aka ce?

“Ya kama hannuna ya kai ni gaban mutane, ya ce wani abu. Ban ji ba, ina ta maimaita jawabina a zuci kada ya zube.”

“Ba ka taɓa son sanin abin da ya ce ba?”

“Me zai ce? Yaron kirki ne.”

Ta bi shi da ido har ya fita. Mutum ne da yake hango ɗan akuya zai tsallaka titi tun daga nesa, amma ga abu a gaban hancinsa ya wuce shi. A fannin bincike kuwa ta samu abin da ba ta nema ba: mutanen nan sun rantse bita tana nuna musu gaskiyar abin da ya faru, alhali a cikin bitar babu kowa sai su. Da wani lokaci ne da ta yi murna. Yanzu kwanakin watan kawai take gani suna zubewa.

Zaman Malamin Tuƙi na ƙarshe ya faɗo ranar wata Laraba da hantsi. Shi mai sammako ne, yakan iso tun kafin lokaci ya zauna a kujerar baranda yana juya makullin mota. Malama tana jera takardu ta ji kujerar ta yi ƙara, ta san ya iso. A daidai lokacin wayarta ta yi haske.

“Malama, a yi haƙuri da damu. Tambayar da kika yi mini ta murya, ina ganin amsata ba ta cika ba. Zan iya dawowa in gyara?”

Ta daɗe tana kallon saƙon. Amsa biyu gare ta, kuma ta san abin da kowacce take haifarwa. In ta ce ya zo gobe da safe, zai zauna a shagonsa. Ɗayar kuwa ita ce wadda ta saba ba shi, wadda ko Farfesa ta karanta ba za ta ga aibunta ba, don hana shi zuwa take yi. Malama ba ta yaudari kanta ba, ta san ba hana shi take yi ba. Ta rubuta: “Ba sai ka zo ba, Malam, amsarka ta farko ta isa.” Ta tura, ta kife wayar a kan tebur.

Ba ta kira Malamin Tuƙi ciki ba, ai lokacinsa bai yi ba. Ta dai tashi ta sassauta ƙofar kaɗan, wai don iska. Can sai ga takun nan da ta sani, mai sauri a matakala, mai sanɗa a baranda. Takun ya tsaya cak.

“Yaya.”

“Auta.”

Aka shiga gaisuwa. Yaya aiki, yaya iyali, yaya gajiya, yaya aikin kuma. Sai da suka cinye duk gaisuwar da ke duniya, suka koma farko.

“Ba ka da lafiya ne?” in ji babban.

“Lafiya lau. Wurin Malama na zo. Mai maɓalli.”

“Kai ma?”

Malama ta riƙe gefen tebur. Sai kuma muryoyi biyu suka tashi tare, kowa yana gudun kada ƙarfin halinsa ya ƙare kafin ya kai aya. Ba ta iya tsintar komai ba sai “ka yafe mini” daga nan, “ban kyauta ba” daga can.

“Tsaya, tsaya,” in ji ƙaramin. “Wace kaza?”

“Kazar da na faɗa a jawabina.”

“Jawabi ka yi ranar?”

“Auta, kada ka raina mini hankali. Ina tsaye a tsakiyar falonka ina zuba, ka tashi ka fita.”

“Wallahi Yaya ban san ka miƙe ba. Kicin na gudu, saboda abin da na ce maka.”

“Me ka ce mini?”

“Direba. A gaban maigidana. Ban ce yayana ba.”

“Yaushe?” Makullin mota ya faɗi ƙasa. “To in ba direba ba, mene ne ni, matuƙin jirgi? A kan wannan ka daina zuwa gidana?”

“Kai ne ka daina zuwa nawa.”

“Ni da na tona maka asiri!”

“Ai maigidana ya san ina tsoron kaza, Yaya. Duk shagon sun sani. Akwai mai kaji a maƙwabtanmu, ta baya nake shiga.”

Wani sauti ya fito daga ƙirjin babban, Malama ba ta iya tantance dariya ce ko kuka ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Ita dai ta toshe baki da mayafinta, idonta ya cika. Daɗi ya rufe ta irin wanda ta daɗe ba ta ji ba.

“Watanni,” in ji babban, muryarsa ta dushe. “Watanni ina kwana da kazar nan ina tashi da ita. Ashe ko mutum ɗaya da na yi don shi bai ji ba.”

“Ka zo gida yau. Matata kullum sai ta tambaye ka.”

Aka ji babban ya sunkuya ya ɗauki makullin.

“Auta, an ba ni riƙon sabon reshe a wani gari. Na sa hannu jiya. Har an ba wani malami ɗalibaina.”

Jiya. Kalmar ta shigo ta ƙofar da Malama ta sassauta ta same ta a tsaye. Makonni ke nan tana riƙe da rabin labarin kowannensu a cikin durowa ɗaya, tana yi musu tambayoyi masu wayo. Ta san ba ta karya amana ba, ta kuma san da ta karya, da mutumin nan bai sa hannu ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma babu wanda ya rage wa ɗaya nauyi.

“Ba a fasawa?” in ji ƙaramin.

“Na ba da kalmata.”

“Da nisa?”

“Yini guda a mota, in hanya ta yi kyau.”

“Ban iya mota ba, Yaya.”

“Na sani. Rabin garin nan ni na koya musu, ban da kai.”

“Tsoro nake ji kada in yi shirme a gabanka.”

“Ni kuma tsoro nake ji kada in daka maka tsawa ka riƙe ni a zuci. Shi ya sa ban taɓa ce maka ka zo ba.”

Wata ma'aikaciya ta wuce da keken magani yana ƙara, suka yi shiru har ta sha kwana. Sannan kujerar ta yi ƙara, babban ya miƙe.

“Sai sabon wata ya yi kwanaki zan tafi. Motar tana ƙasa. Akwai fili a bayan makaranta, ba kowa a wannan lokacin.”

“Yanzu? Ban gaya wa maigidana ba.”

“Ka gaya masa direbanka ne ya zo. Muje. Kuma waɗannan takalman naka masu santsi ba za su taka birki ba, za mu biya ka canza.”

Malama ta ji takunsu ya nufi matakala, ɗaya mai nauyi, ɗaya yana sauri don ya cim masa. Ba wanda ya tuna da ita, kuma ba ta leƙa ta kira kowa ba. Ta je taga ta tsaya. Can ƙasa ta hango wata ƙaramar mota mai allon koyo a kai, babban ya buɗe wa ƙaramin ƙofar mazaunin direba, ƙaramin ya ja da baya yana girgiza kai, babban ya dafa kafaɗarsa ya tura shi ciki. Motar ta yi tsalle ta mutu. Aka sake tayar da ita, ta sake mutuwa. A karo na gaba ta ja jiki a hankali, ta nufi ƙofar fita tana tangaɗi, mai gadi yana matsawa gefe.